Bakatsine Zai Shiga Dajin Bargu Da Keke

Bawana Bakatsine, ubangidanka na gaishe ka daga Bagudo. Ban ce maka ina gajiya ba, kuma ba mantuwa na yi ba. Wanda ya tashi daga Katsina ya ƙetare teku, ya biya kuɗin shiga daji da hannunsa, ya hau keke ya yi ta zagaye ba inda za shi, gajiyarsa tasa ce shi kaɗai, ba ta cancanci sannu ba.

Hotunan da ka turo daga Holan sun iso, har da dogon bayanin da ka biyo su da shi. Na ga wandon. Ban san laifin da ka yi wa telan ba da ya rage maka yadi haka, magidanci da kai, mai 'ya'ya har da na aure. Na ga hular kwanon ma, zaune a kanka kamar an kifa wa kabewa ƙwarya. Duk wannan da sauƙi, don ba yau Katsinawa suka fara ba mu dariya kyauta ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne shawarar da ka rufe da ita. Wai mu mutanen Bagudo muna kwance a kan arziki ba mu sani ba: ga daji har bakin iyakar Benin, a share turba a cikinsa ta kekuna zalla, a hana mota da babur bi, mutanen birni su riƙa zuwa shan iska suna kallon tsuntsaye. Har ka yi alkawarin kai za ka buɗe ta da sabon kekenka mai giya 21.

Na karanta takardar taka a majalisarmu ta gindin dogon yaro, kusa da rumfar mai faci. Akwai wani dattijo a wurin wanda tun yana saurayi da keke yake kai kaya kasuwannin bakin iyaka. Ya saurara har ƙarshe bai ce uffan ba, sannan ya dube ni.

"To in ya kai ƙarshen hanyar, mi zai ɗauko?"

Na ce ba abin da zai ɗauko, juyowa zai yi.

"Ba icce, ba buhu?"

Na ce babu.

"Gaisuwar mutuwa za shi, ko biki?"

Na ce ko ɗaya.

"To biyan shi za a yi?"

Na ce a'a, Baba, shi ne ma zai biya.

Ya gyara zaman hularsa, ya ce cikin tausayi, "Wanga bawan Allah a nema mai rubutu tun da wuri." Sai na ce ai Bakatsine ne. Ya ce, "Af! To ka ce haka tun farko mana. Lahiya tai lau ke nan."

Amma ni ubangida ne mai adalci, ba zan ce ƙarya ka gani ba. Wurin da suka kai ka, Hoge Veluwe, gandun daji ne na gaske a lardin Gelderland, tsakanin garuruwan Arnhem da Ede da Apeldoorn. Wani attajiri ne, Anton Kröller, da matarsa Helene suka yi ta sayen filin, shi don farauta, ita don tara zane-zane, har aka mayar da shi gandun jama'a a 1935. Girmansa kadada 5,400 ne ko kusa da haka, da turbar keke mai kimanin kilomita 40 a shimfiɗe, daban da inda mota ke bi. Fararen kekunan nan da ka yi ta ɗaukar hoto da su sun kai wajen 1,800, ba kwaɗo ba makulli. Ka ɗauki wanda ka ga dama, ka jingine shi inda ka gaji, wani ya zo ya ɗauka. Wannan ne ya fi ruɗa ka, na lura, don sau uku ka maimaita shi a takardar.

Abin da ba ka faɗa ba, ko dai murna ta hana ka gani, shi ne an zagaye dajin nan kaf da shinge, ƙofofinsa uku ne, kuma sai da tikiti ake shiga. Keken ba ya da inda zai fita. Su kansu mutanen Holan sun taɓa gwada ajiye fararen kekuna ba makulli a titunan Amsterdam a 1965, 'yan sanda suka kwashe su, maganar ta mutu a nan. To kai ka zo ka jera mana kekuna 1,800 a dajin da ƙofarsa ita ce duk inda ka sa ƙafa. Mu Kabawa ba za mu taɓa ba, an san mu da amana. Tsorona baƙi irinku: kafin Juma'a ta zagayo an fente su baƙi, an ɗaura musu kariya, ana cinikinsu a Jibiya.

Sannan turbobin keken cikin garuruwan ƙasar nan da ka gani ba don kallon tsuntsu aka yawaita su ba. Da kuka aka samo su. A 1971 motoci sun kashe mutum sama da 3,000 a titunan Holan, fiye da 400 daga ciki yara ne, iyaye suka fito kan titi suka ce a daina kashe musu 'ya'ya. Ana cikin haka, a 1973 ƙasashen Larabawa suka hana su man fetur saboda goyon bayan Isra'ila, har gwamnati ta hana fitar da mota ranakun Lahadi. Daga nan suka dukufa wajen ware wa keke hanyarsa a gari, don ɗan makaranta da mai zuwa aiki da mai cefane. Yau kekunan ƙasar sun fi mutanenta yawa. Yawon daji da ya burge ka rarar abin ne, bayan an gama da na dole. Kai kuma, da yake Bakatsine ne, sai ka tsallake tuwo ka ɗauko mana man shanun da aka yaryaɗa a sama.

Yanzu bari in ba ka labarin da zai faranta maka. Hanyar da babu mota a cikinta, wadda ka je har Turai ka gano, mu da ita muka buɗe ido. Da zarar ka haye gadar Tuga ka bar kwalta, ka kama turbobin da ke tsakanin Ka'oje da Illo, ko waɗanda suka gangara Tsamiya da Maje, sai ka wuni ba ka ji ƙarar mota ba. Ba doka ce ta hana ta ba, ba kuma allon gargaɗi. Direban da ya san darajar motarsa ne ba ya kusantar wurin. Abin da Bature ya kashe miliyoyi ya samar, mu rairayi da kwazazzabai sun yi mana shi kyauta.

Kuma hanyoyin nan sun girmi keke nesa ba kusa ba. Ta wannan yanki fatake ke haye Kwara, wasu a Illo wasu a Gaya, su bi ta Kandi da Zugu har Salaga a ƙasar Gwanja, su kai kanwa da tufafi su dawo da goro. Akwai kakanninka a cikin ayarin, ban hana ba, amma ka lura: da jakuna suka bi, da kaya a gadon bayansu, da madugu da jagaba, kuma suna biyan fito. Ba wanda ya bi ta Bargu don iska. Turawa ma da suka zo, ba wasa ya kawo su ba. Lugga ya yi tseren zuwa Nikki da Faransawa a 1894, kowa na son ya riga sa hannun sarki a takarda. A ranar 14 ga Yuni 1898 suka zauna a birnin Faris suka tsaga Bargu biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo hannun Ingila, suka ce layin ya taɓa kogi mil goma sama da Giris, mashigar jiragen Illo. Wanda ya ja layin bai tambayi mai gona ba. Shi ya sa har gobe za ka ga mutum gidansa a Najeriya, gonarsa ko surukansa a Benin, aljihunsa da naira da sefa a haɗe. Daga Tsamiya ana shiga Segbana, daga Lolo ana shiga Madekali a wuce Malanbil, kuma mai keke da ya saba ba ya sanin lokacin da ya sauya ƙasa sai ya ga yaran makaranta da kakin Faransanci.

Baturen da ya fara bi ta kogin nan don ganin ƙwaƙwaf kawai, Mungo Park, a Busa tafiyarsa ta ƙare a 1806. Ban ce komai ba, tuni ne kawai.

Keke a nan dabbar gida ce mai aiki. Ka tsaya bakin hanya ranar kasuwa da sassafe ka gani. Wannan ya ɗauro buhun shanshera a kariya, ya cusa wani a tsakiyar ƙarfe, shi kuma yana tafe a ƙasa yana turawa, don ba wurin zama. Wancan jarkokin ruwa huɗu, biyu kowane gefe. Ga mai buhunan gawayi da suka fi shi tsawo, daga baya ba ka ganin mutum sai kaya na tafiya da kansu. Ga mai akuya a ɗaure cikin kwando tana ta kuka, ga malamin allo da ɗansa a gaba. An sha ɗauko mara lafiya a kariya daga ƙauye zuwa ɗakin shan magani, wani na tuƙi wani na biye yana riƙe da shi. A zamanin iyayenmu wanda ya sayi Raleigh sabo fil, irin wanda har masana'antarsa aka kafa a Kano, ya zama abin kwatance a gari. Yana da lasin, yana da fitila don kada ɗan doka ya kama shi da dare, yana goge shi da tsumma kullum asuba, kuma ba ya ba da aro ko ga ƙanin matarsa. Daga baya Phoenix na Sin ya shigo da araha. Ko keken haya da muka hau muna yara, wanda shi ne kaɗai hawan banza da na sani a ƙasar nan, koyo muke yi don ranar da za a aike mu.

Babur ne ya zo ya ture keke gefe, kuma ka san wanda ya fara dawo mana da keken? Ku ne. Ɗan'uwanka na Daura, marigayi Shugaba Buhari, Allah ya jiƙansa, shi ya rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, sannan a Nuwamban shekarar aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Kai kana Katsina cikin birni ba ka ji a jikinka ba sosai, tambayi 'yan'uwanka na Jibiya, tambayi mutanen Lolo da Tsamiya. Mai injin ban-ruwa a fadama sai ya yi tafiya kafin ya sami galan ɗaya. Ba zan ci haƙƙinsa ba, shi ne kuma ya zo Birnin Kebbi a Nuwamban 2015 ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa da ya sa sunan jihar nan ya zagaye ƙasa. Ya ba mu da dama, ya ƙwace da hagu, halin Katsinawa sak. Sai kuma ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 ta wuce 1,000. Tsofaffin kekunan da aka rataye a zaure suka sauko, aka kakkaɓe musu ƙura, mai facin majalisarmu har yaro ya ƙara. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Kai da ka zo yanzu kana yi mana wa'azin keke, ka makara, tsadar mai ta riga ka hawa mumbari.

Ba kai ne ma na farko da ya kwaso wannan wa'azi ba. Marigayi Ojo Maduekwe, ministan sufuri a zamanin Obasanjo, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma keke, ya riƙa hawa da kansa a Abuja don a gani. A 2001 wata bas ta ture shi cikin rami a kan hanyarsa ta zuwa aiki. Minista ke nan, da 'yan rakiyarsa. Kai wa zai tsamo ka?

To amma tunda ka nace, bari in zagaya da kai a takarda kafin ka zo da ƙafarka, don ka san abin da ka saya.

Za mu tashi daga Bagudo bayan sallar asuba, mu haye Kwara ta gadar Tuga. A nan za ka so tsayawa ɗaukar hoton masunta a cikin kwale-kwalensu, kuma na san za ka sako maganar da kuka saba, wai Bakabe in ba kifi ba ya ƙoshi. Faɗi abinka. Da kifin nan aka karrama Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu da ya je Argungu a 1934, kuma shi ne UNESCO ta sa bikinsa cikin al'adun duniya a 2016. Ku me kuka kama? A Ka'oje za mu tsaya Fulani su dama maka fura da nono mai kyau, ka sha da yawa, don daga nan daɗi ya ƙare.

Da mun bar titi, rairayi zai fara gaishe ka. Siririyar tayar nan taka da aka yi don kwaltar Turai za ta nutse har baki, giyarka 21 ka bi su ɗaya bayan ɗaya, babu wadda aka yi domin wannan. Za ka sauka ka tura, ɗan Bafulatani mai shekara goma ya wuce ka a kan tsohon keken da ba birki, yana tsayar da shi da diddige. In ka fita rairayi, tsidau na jira a kwance, ƙayar aduwa da farar ƙaya na jira a gefe. Ba za ka yi nisa ba za ka ji tayar baya ta yi laushi.

Nan ne za ka ga aikin da ya fi na injiniyoyin Holan. A ƙauye na gaba akwai mai faci a gindin tsamiya, kayan aikinsa duka ba su cika tsohon gwangwanin madara ba. Zai kifa keken a kan sirdi, ya zare tif da bakin cokali biyu da ya daddaƙe, ya hura shi, ya riƙa tsoma shi kaɗan-kaɗan cikin kwanon ruwan da ya yi baƙi, yana juyawa yana kallo. Inda ƙananan kumfa suka taso a jere, nan ne. Ya soka tsinke ya yi alama, ya goge wurin da tsumma, ya kankare shi da guntun dutse har ya yi fari, ya yanko ɗan da'ira daga wani mataccen tif, ya shafa gam a duka biyun da ɗan yatsa, ya ajiye su sha iska yana tambayarka labarin gida. Sai gam ya daina kama yatsa zai manna, ya ɗora a kan ƙarfe ya bubbuga. Kafin ya mayar, zai zura hannu cikin tayar ya bi ta a hankali har ya taɓo ƙayar da ta yi ɓarnar, ya zaro ta ya miƙa maka a tafin hannu, tsarabarka ke nan. Matsala ɗaya ce: bakin tif ɗin kekenka siriri ne irin na Turai, famfonsa ba zai kama ba. Zai jujjuya shi, ya dube ka, ya ce, "Wanga keke na wace ƙasa ne?" Ni kuma in ce masa mai keken ne abin tambaya.

Ka ce a hana ababan hawa don kada su dame ka. To a burtali akwai masu hanya da ba su san doka ba. Garken shanu ne, farare da jajaye masu ƙaho kamu guda, sun cika turbar daga wannan gefe zuwa wancan, ba sa sauri ba sa kaucewa. Ka danna ƙararrawa in ka ga dama. Bijimin da ke gaba zai tsaya ya ƙare maka kallo, kai da kanka za ka tuna da wata hanya. Kusa da rafi kuma ƙudan tsando na nan, kuma an san shi da son baƙin tufafi da shuɗi, wato dai launin kayan nan naka. Lokaci ma sai an zaɓa. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, mai hankali ba ya fita da rana sai dole. Agusta da Satumba Kwara kan cika ta shanye fadamu, wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta kwashe shinkafar jihar nan ba ya buƙatar bayani, turbar taka sai da kwale-kwale. Abin da ya rage maka sanyin hunturu ne, shi kuma ya fasa maka leɓe.

Dajin kansa, in ka samu ka ɗaga kai, yana da kyau, ban yi maka musu ba. Ga kaɗanya, ga ɗorawa, ga maje da ƙirya da marke, ga kuka tsaye a tsofaffin kufai, ga giginya a bakin ruwa. Sai dai kowace bishiya da ka gani tana da mai ita da ranar aikinta. Farkon damina tun duhun asuba mata ke fita tsintar ƙwaran kaɗanya, su dafa su shanya su daka su fitar da man kaɗe, da shi ake sayen sabulu da littafin yaro da kayan ɗakin 'ya. Kaɗanyar nan kuwa takan shekara goma sha biyar kafin ta fara 'ya'ya, mai gatari kuma cikin yini guda yake mayar da ita gawayi. Ɗorawa ta ba da kalwa, kalwa ta zama daddawar da ke cikin miyar da kake santi. Madobiya, wadda makiyaya ke sassabe wa shanu ganyenta da rani, ita ce 'yan katako suka yi wa rubdugu a Benin da Najeriya ana lodinta zuwa Sin, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da duniya ke taƙaita cinikinsu a 2017, aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya a 2018. A ɗaya gefen iyaka gonakin auduga na ta cin daji daga Banikwara har Segbana. Shekara goma nan gaba, in ba a tashi tsaye ba, inuwar da za ka yi yawon naka a ƙarƙashinta ma sai an nema. Da ka ce a kare itatuwan, da dattijon majalisarmu bai nema maka rubutu ba.

Kuma kada ka ɗauka gandun daji sai Turai. Kudu da mu ga gandun Kainji da aka kafa a 1979, murabba'in kilomita 5,340, wato ya ninka Hoge Veluwe ɗinka kusan sau ɗari. Yamma da mu, bayan Malanbil, ga gandun W da aka kafa a 1954, ya haɗa Benin da Nijar da Burkina Faso, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 10,000. A can da maƙwabtansa Arli da Penjari ne mafi yawan zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma suke, ga giwa, ga ɓauna, ga dorina. A dajin da ka je, babu ko ɗaya daga cikinsu. A nan kuwa in ka haɗu da mai gida, giya ta 21 ɗin nan za ta yi amfani a karon farko.

Sai dai ba zaki ne ya hana mu shiga ba, kuma a wannan gaɓar zan ajiye wasa. Turbobin dajin da mota ba ta bi, waɗanda kake wa sha'awa, su ne masu bindiga a kan babura suka fi mu sani yanzu. A Fabrairun 2022 bama-baman da aka binne a hanya sun kashe mutum tara a gandun W na ɓangaren Benin, cikinsu da masu gadin daji. A Afrilun 2025 gwamnatin Benin da bakinta ta ce an kashe mata sojoji 54 a wannan yanki. Gandun Kainji ma sun sami wurin zama a cikinsa. A jiharmu, tun harin Mera a ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024 sunan Lakurawa ya shiga bakin kowa. Matar da ke fita tsintar kaɗanya da asuba yanzu sai ta tsaya kusa da gari. Kai ma ba baƙo ba ne ga wannan, dajin Rugu na bayan gidanku, kuma na san abin da mutanen Batsari da Safana da Ɗanmusa suka gani. Allah ya kawo mana ƙarshensa, mu da ku baki ɗaya. Abin da ka gani a Holan da ya fi keke da kwalta tsada shi ne tsohuwa ta shiga daji ita kaɗai da yamma, ba wanda ya tsaya ƙofar gida yana jiran dawowarta da fargaba.

To na dawo. Wani abu ma da ya sa ban yarda da kai da daji ba, tarihi ne. Masu tarihi sun kawo cewa Kanta, wanda ya gina Surame, ya gagari Songhai ya gagari Barno, yana kan hanyar dawowa daga yaƙi ne mutanenku suka tare shi a Dugul suka sa masa kibiya, ita ce ajalinsa. Ba ku iya fuskantarsa a fili ba, sai da kuka sami duhuwa. Shekara ɗari huɗu da ɗoriya ke nan muna lura da ku. Yau kuma jikan masu bakan nan ya aiko wai a share masa turba a dajin Kabi, a hana kowa bi sai shi. Ka ga laifina in na ce sai na caje kariyar?

Na san inda ka gado son wahalar banza. Ku ne kuka ga doki, dabbar yaƙi da hawan sallah, Sarki Dikko da ɗansa Nagogo suka ɗora ku a kai kuna bin ƙwallo da sanda. Wancan aƙalla akwai kwarjini, akwai kofi. Wannan kuwa daga kai sai zufa.

Duk da haka ban hana ka zuwa ba, bawa ba ya neman izini wurin ubangidansa a kore shi. Ga sharuɗɗa. Ka zo a Disamba, bayan an gama yankan shinkafa. Ka bar siririn keken nan a Katsina a rataye a falo baƙi su gani, zan aro maka Phoenix mai kariya. Ka sa wando irin na mutane, don akwai surukaina a Illo. Hanyar da mutanen gari suka ce a bi ita za mu bi, inda suka ce a tsaya mu tsaya, kuma la'asar ta same mu a cikin gari. Ba za ka tafi hannu rabbana ba: akwai buhun masara da za a kai wa wata gwaggona a Lolo, kai za ka ɗauka, don in an tambaye ni a hanya in sami abin faɗi. Sannan ka haɗo da kuɗin sharata, cika-ciki ya wuce ban ga komai ba, na bara ma da saura. Ni zan biyo ka a baya a kan babur, da igiya.

Ku kuma jama'ar Ka'oje da Illo da Lolo, in kun ga wani baƙo a bakin turba yana tura keke da buhu, yana haki yana tambayar ina ne wurin kallon tsuntsaye, kada ku ji tsoro, kada ku kira 'yan banga. Ku ba shi ruwa, ku zaunar da shi a inuwa, ku aiko a gaya mini. Nawa ne, zan zo in ɗauki abina.